Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar adon harshe a fi'ilan Turanci

Ɗalibi ya karanta "the alarm went off", sai ya ce ƙararrawa ta mutu, alhali bugawa ta yi. Ya tsinci kalmomin ɗai-ɗai a ƙamus, ya haɗa, ma'ana ta kuɓuce masa. Wannan shi ne babban kuskure, kuma yana damuna, domin mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan salo. Muna cewa wuta ta ci gida, rana ta faɗi, mota ta mutu, ba wanda ya taɓa tambayar ina bakin wuta. To haka Bature yake cewa "the engine died" ko "the river runs". In ka ga fi'ili bai dace da mai aikata shi ba, dakata, ka tambayi kanka wane hali aka aro, daga wurin wa.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗaukar adonmu a kai shi Turanci yadda yake. A wurinmu mura ce ke kama mutum. A Turanci mutum ne ke kama mura: "I caught a cold". Mu barci ke ɗauke mu, su faɗawa suke cikinsa: "she fell asleep". Magani shansa muke yi ko da ƙwaya ce, su kuwa "take medicine" suke cewa. Wanda ya ci jarrabawa "he passed" ne, ba "he ate" ba. Gyaran a nan, kada ka haddace fi'ili shi kaɗai. Rubuta shi a littafinka tare da sunan da yake tafiya da shi.

Sai masu shirin WAEC da JAMB, waɗanda duk inda suka ga abu marar rai yana motsi sai su zaɓi "personification", wato mutuntarwa. Ba kullum ba. Mutuntarwa sai an ba abu halin da ɗan Adam ke da shi, kamar "the wind whispered", domin raɗa aikin mutum ce. Amma "time flies" fa? Tashi sama na tsuntsu ne, saboda haka siffantawa ce, "metaphor". In kuma jimlar ta kwatanta abu biyu da "like" ko "as", kamantawa ce, sai ka zaɓi "simile".