Yadda nake rage ɓawon haƙori don samar da fili lokacin daidaita haƙora

Inamel, wato farin ɓawon nan mai tauri da ya lulluɓe haƙori, idan aka kankare shi ba ya sake tsirowa. Shi ya sa duk lokacin da zan shiga tsakanin haƙora biyu da ƙarfe don in samar da fili, lissafi nake fara yi kafin in taɓa inji. Wannan bayani na ɗalibai ne da matasan likitocin haƙori. Mai karatun da ba likita ba kuma, don Allah kada ya gwada a gida da abin goge farce, domin ɓarnar ba ta gyaruwa.

Da farko ka tabbatar aikin ya dace da wannan bakin. Nakan yi shi ne idan cunkoson haƙora bai yi tsanani ba, kamar milimita 4 zuwa 8 a muƙamuƙi ɗaya, inda cire haƙori zai bar fili fiye da buƙata. Nakan yi shi kuma idan faɗin haƙoran ƙasa bai yi daidai da na sama ba. A nan ma'aunin da Wayne Bolton ya fitar a 1958 yake aiki: jimillar faɗin haƙoran gaba shida na ƙasa ya kamata ta kai kusan kashi 77.2 cikin ɗari na shidan sama. Idan ta haura haka sosai, haƙoran ƙasa ne za ka rage. Dalili na uku shi ne baƙin ramin nan da ke bayyana kusa da dasashi tsakanin haƙoran da suka yi faɗi a sama suka tsuke a gindi. Idan ka rage gefen ka haɗa su, wurin da suke taɓa juna zai sauko kusa da ƙashi, ramin ya ragu.

Bakin da ba a tsaftace shi, ko dasashi mai zubar da jini, ko haƙori mai ruɓa a gefe, ko ɓawon da tun asali bai ginu da kyau ba, ba na taɓa su sai an magance matsalar. Ƙananan haƙora masu miƙaƙƙen gefe ma ba su da abin da za ka ɗauka.

Nawa za ka cire? Ƙa'idar da nake bi ita ce kada a wuce rabin kaurin ɓawon. A haƙoran gaba na ƙasa, inda ɓawon ya fi siranta, ba na wuce milimita 0.25 a kowane gefe, wato 0.5 a mahaɗa ɗaya (inda haƙora biyu suke taɓa juna), sau da yawa ma ƙasa da haka nake tsayawa. Turame sun fi kauri, suna iya ɗaukar kusan 0.4 zuwa 0.5 a gefe. Ka ɗauki hoton eksire ka duba kaurin da idonka, ka ga kuma ko saiwoyin sun matsi juna, sannan ka rubuta adadin kowace mahaɗa a katin majiyyaci.

Abin da na fi nanata wa ɗalibai shi ne a fara jera haƙoran kafin a goge. Haƙorin da ya murɗe, gefen da yake taɓa maƙwabcinsa yau ba shi ne ainihin gefensa ba. Idan ka goge shi a haka, ka cire ɓawo daga fuskar haƙori, kuma bayan ya juyo daidai za ka ga tabon a fili. Ko da tsarin kwamfuta na robobin daidaita haƙora irin su Invisalign ya ce a rage tun matakin farko, ni nakan ɗage har sai na ga mahaɗar sarai.

Kayan aikin kowanne da wurinsa. Siririn fallen ƙarfe mai garin daimon, wanda ake ja da hannu, shi ne na buɗe hanya. Yana da jinkiri, amma hannunka yana jin komai, kuma akwai mai kaushi a gefe ɗaya kawai idan haƙori ɗaya kake son ragewa. Don cire 0.1 ko 0.2 ya wadatar. Faifan daimon mai juyawa yana da sauri kuma yana yanka a miƙe, sai dai shi ne na fi jin tsoro, saboda zamewa ɗaya ta isa ya tsaga leɓe ko harshe. Ba na kunna shi ba tare da murfin kariya ba, kuma sai mataimaki ya janye leɓe da harshe. Falle ko faifan da ke kai-komo a kan inji maimakon juyawa ya fi aminci ga nama, shi nake ba wa mai koyo. Ga turame kuwa akwai siririn tsinken daimon ko na kabaid a kan inji mai gudu da iska, hanyar da John Sheridan ya bayyana a 1985. Tana aiki sosai, amma idan hannu bai tsaya ba takan bar tudu kamar matakala a gindin haƙori, inda datti zai riƙa maƙalewa.

Ga yadda nake bi a mahaɗa ɗaya. In sa ɗan katakon weji ko siririyar waya a ƙarƙashin mahaɗar don in kare dasashi, ya kuma ɗan raba haƙoran. In buɗe da fallen hannu mafi siranta, sannan in koma mai kauri ko inji, kayan aikin yana tafiya daidai da tsayin haƙorin, ba a karkace ba. Ruwa ko iska su riƙa sanyaya wurin, domin tashin zafin jijiyar haƙori da digiri 5.5 kacal a ma'aunin Celsius yana iya cutar da ita. Yawanci ba na yin allurar kashe zafi, tunda babu jijiya a ɓawo, kuma idan majiyyaci ya ce ya ji tsami, gargaɗi ne cewa na kusa kai wa jikin haƙorin da ke ƙarƙashin ɓawon.

Bayan kowane ɗan gugu sai in zura ma'aunin kauri, fallayen ƙarfen nan da aka rubuta 0.1, 0.2 har zuwa 0.5 a jikinsu. Ya shiga da ɗan taɓawa, ba da turawa ba. Idan ka tura da ƙarfi haƙorin ne ke matsawa cikin gurbinsa, sai ka zaci ka samu filin da ba ka samu ba. In tsaya kaɗan kafin in kai adadin, saboda sulɓewa ma tana cin nata.

A sulɓewar nan ake gane aikin ƙwarai. Gefen da aka bari da kaushi yana tara dattin ƙwayoyin cuta. Nakan mayar wa gefen lanƙwasarsa ta asali don kada haƙorin ya zama mai kusurwa, sannan in bi da faifan sulɓewa na Sof-Lex daga mai kaushi zuwa mafi laushi, har zaren sakace ya wuce ba tare da ya tsattsage ba. Daga nan in shafa fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Binciken da Bjorn Zachrisson da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, kan mutanen da aka rage wa haƙoran gaba na ƙasa fiye da shekara 10 kafin nan, bai nuna ƙarin ruɓa ko ciwon dasashi ba, amma da sanyaya wuri da sulɓewa mai kyau aka yi musu aikin.

Idan mahaɗun suna da yawa, ka raba su zuwa ziyara biyu ko uku. Ka rufe filin da ka samu da waya ko roba, ka sake aunawa, sau da yawa za ka tarar mahaɗun da suka rage ba sa buƙatar gugu.