Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Mayar da Sabar Mai SAN Zuwa VM

Kuskure mafi tsada shi ne wanda ba a gane shi sai ranar da aka shiga uku. An mayar da sabar da bayananta ke kan SAN (rumbun faifai da ake haɗawa ta layin sadarwa) ta koma VM (na'urar kwaikwayo da ke aiki a cikin wata sabar), an saka ta cikin aikin Veeam, manhajar ɗaukar kwafin ajiya, kullum da safe rahoto kore shar, alhali bayanan da ake ji da su ba sa cikin kwafin ajiyar. Manhajar tana kwafar abin da ESXi, tsarin VMware da ke ɗauke da VM ɗin, ke gani ne kawai. Idan Windows ɗin da ke cikin VM ita ke haɗa LUN (yankin faifai da SAN ke bayarwa) da kanta ta iSCSI (hanyar haɗa faifai ta layin sadarwa), ESXi bai san da zaman faifan ba, sai a kwafi faifan Windows, C:, a bar na bayanai, D:. Haka abin yake ga RDM (LUN ɗin da ESXi ke miƙa wa VM kai tsaye) na nau'in physical, domin ba ya karɓar snapshot, wato hoton halin da faifan ke ciki, wanda manhajar ke kwafa daga gare shi. Mafita ita ce ko dai a kwashe bayanan zuwa VMDK (fayil ɗin da ke zama faifan VM), wanda tun sigar vSphere 5.5 ta VMware yake kaiwa TB 62, ko a mayar da RDM ɗin nau'in virtual, ko a bar manhajar ajiya tana aiki a cikin VM ɗin. Kowanne aka zaɓa, a dawo da fayil guda daga D: a buɗe shi da ido kafin a ce an gama.

Tsofaffin kwafi ma suna salwanta. Manhajar na ɗaukar VM ɗin a matsayin sabuwar na'ura, ta fara cikakken kwafi daga farko, tsohon jerin kuma wa'adinsa na iya cika a goge shi. Kafin a taɓa komai, a yi cikakken kwafi na ƙarshe, a kai shi tef ko wani faifai dabam, a tsawaita wa'adin tsohon aikin.

Mafi haɗari shi ne kunna tsohuwar sabar da sabuwar lokaci guda. VM ɗin ta gaji IQN ɗin tsohuwar, wato sunan da SAN ke gane ta da shi a iSCSI, don haka SAN zai buɗe wa duka biyun LUN ɗaya. NTFS da ext4, tsarin fayil na Windows da na Linux, ba su san zaman kishiya ba: kowace sabar ta rubuta nata, faifan ya lalace cikin mintuna. A kashe tsohuwar, a zare wayoyinta, sannan a kunna sabuwar. In da Fibre Channel ake haɗa SAN ɗin maimakon iSCSI kuwa, sai an gyara zoning (jerin na'urorin da aka yarda su ga juna), saboda WWN (lambar shaidar kati) na ESXi ne zai riƙa magana da SAN yanzu.

Sauran kurakuran ba su kai waɗannan zafi ba, amma suna cin dare. A cire PowerPath (manhajar sarrafa hanyoyin zuwa SAN) da manhajojin kula da ƙarfen tsohuwar sabar. Adireshin IP yakan maƙale a katin sadarwar da ya ɓuya, sai an nuna ɓoyayyun na'urori a Device Manager an goge shi. A Linux, /etc/fstab (jerin faifan da ake haɗawa wajen tashi) mai kiran /dev/mapper/mpatha zai hana na'urar tashi, a sauya wannan sunan da UUID (lambar shaidar faifan) tun kafin ƙaura. SQL Server, manhajar rumbun bayanai, a tsayar da shi kafin kwafin ƙarshe. Domain controller (sabar da ke riƙe da asusun masu amfani) kuwa kada a kwafe shi yana aiki, domin gudun USN rollback, wato bayanansa su koma baya su saɓa da na takwarorinsa. Gina sabo ya fi sauƙi.

A yi lissafin lokaci da gaskiya: TB 4 a kan layin gigabit 1 yana cin kusan awa 10, in wuta ba ta ɗauke ba.