Yadda za ka yi tattaki zuwa bakin dam ɗin Kubanni a Samaru

Ana yawan tambayata inda mutum zai miƙe ƙafa a Zariya ba sai ya hau Dutsen Kufena ba. Ga hanya mai sauƙi, ko dattijo zai iya.

1. Ka fito da sassafe, bayan sallar asuba.
2. Sa takalmi mai rufe ƙafa. Silifa ba ta da amfani a nan.
3. Ɗauki gorar ruwa da katin shaida.
4. Hau Keke Napep daga Kwangila zuwa Samaru.
5. Sauka a babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello.
6. Gaida masu gadi, ka tambaye su hanyar dam.
7. Bi gefen titi ƙarƙashin inuwar itatuwa, a hankali. Nan ne tafiyar ta fi daɗi a wurina, musamman da hunturu, lokacin da hazo ya kwanta kan bishiyoyi.

Hattara: a nan mutane ke yanke hanya ta cikin ciyawa. Da damina ciyawar kan yi tsawo, macizai kuma na fakewa a ciki. Kada ka bar turbar da ƙafa ta riga ta taka.

8. In ka isa bakin ruwa, tsaya daga nesa kaɗan. Kada ka shiga, ko da ka iya iyo, domin laka na riƙe ƙafa. Yara kuwa, riƙe hannunsu.
9. Zauna ka huta.
10. Kwashe ledarka da gorarka, don jami'a na shan ruwan nan.
11. Juyo ta hanyar da ka zo kafin hantsi ya dubi ludayi.