Dawowa Legas saboda damuwar hunturun Turai: abin da za a yi kafin a ɗaure kaya

A Agege, Idi-Araba da Obalende, gidaje da yawa suna da ɗa ko 'ya a Ingila, Jamus ko Kanada. Cikinsu akwai wanda duk shekara, Oktoba na ƙarewa muryarsa take canzawa a waya. Barci ya yi yawa amma ba ya isarsa, jiki ya yi nauyi, kwaɗayin burodi da kayan zaƙi ya ƙaru, ya daina amsa saƙo. Maris ko Afrilu na shigowa sai ya warware kamar ba shi ba. A gida a ce kewa ce, wasu ma su ce iska ce. Likitoci sun san ciwon da kyau. Nau'i ne na ciwon damuwa mai bin lokacin shekara, wanda Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka fayyace a Amurka a 1984, kuma ya fi kama mata.

Shawarar da ake fara bayarwa ita ce ta Hajiya: "Ka tattaro ka dawo gida, ga rana nan har ta yi mana yawa." Akwai gaskiya a maganar. Amma mutum yana iya dawowa Legas ya yi wata uku bai sami hasken da ya zo nema ba, ya koma da bashi da ciwonsa. Tsarin da aka bi shi ne ke raba wanda ya amfana da wanda ya yi asara.

Abin da ke magani haske ne, ba zafi ba, kuma ta ido yake shiga. Hasken safiya shi ne ke saita agogon jiki: yana tsayar da sinadarin melatonin mai kawo barci, ya sanar da ƙwaƙwalwa gari ya waye. A Landan, ranar 21 ga Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, ta faɗi kafin ƙarfe 4, wato wunin bai cika awa 8 ba. Ma'aikaci ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu. Legas kuwa tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, wuninta yana tsakanin kusan awa 11 da minti 45 zuwa awa 12 da rabi duk shekara. Ana auna ƙarfin haske da ma'aunin luks. Falo mai fitila yakan ba da luks 100 zuwa 500. Waje, ko da gajimare, ana samun dubbai. Rana tarwai takan kai 100,000. Wanda ya wuni a ɗaki mai labule a Ikeja bai fi wanda ya wuni a ɗaki a Manchesta samun haske ba.

A tabbatar da ciwon tukuna

Kafin a sayi tikiti, mai ciwon ya ga likita a can inda yake. Abin da likita zai nema shi ne ko damuwar ta zo a lokaci guda ta tafi a lokaci guda shekara biyu a jere. Zai kuma duba jini, domin raunin aikin tayiroid da ke maƙoshi, ƙarancin jini da ƙarancin bitamin D duk suna kawo kasala irin wannan. Idan tushen abin kaɗaici ne, ko bashi, ko rikicin aure, ko wulaƙanci a wurin aiki, canza gari ba zai cire shi ba.

Akwai gwaji mai arha da ya kamata a yi kafin komai: fitilar magani mai luks 10,000. A zauna gabanta minti 20 zuwa 30 cikin awar farko bayan tashi daga barci, ido a buɗe amma ba a ƙura mata ido ba, a nisan da kamfanin ya rubuta a jikin kwalin. Wanda za ta yi wa aiki yakan ji sauƙi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ta yi aiki, alama ce haske na cikin matsalar, kuma wataƙila ba sai an tayar da iyali gaba ɗaya ba. Mai ciwon ido, da wanda ya taɓa shiga yanayin zumuɗin da ya wuce kima, kada su kunna ta sai da izinin likita.

Zuwan gwaji

Kada a bar aiki, kada a saki gida, kada a cire yara daga makaranta a shekarar farko. A zo gwaji na mako huɗu zuwa takwas tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da ciwon ya fi tsanani a can. Daga tsakiyar Janairu ya fi sauƙi, saboda a Disamba kuɗin jirgi da na gidajen haya na ɗan lokaci a Legas suna tashi sosai.

A riƙa aunawa, kada a dogara da "ai na ji daɗi". Akwai takardar tambayoyi tara da likitoci ke amfani da ita, PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27, kuma 10 zuwa sama na nuna damuwar da ke buƙatar kulawa. A fara cika ta mako biyu kafin tasowa, a ci gaba sau ɗaya a mako, rana guda, lokaci guda. A rubuta har da awannin barci da mintocin da aka yi a waje. Makon farko ba abin dogaro ba ne: ga 'yan sannu da zuwa, ga tuwo da miyar kuka, ga babu aiki. Mako na uku da na huɗu, bayan baƙi sun ɗauke ƙafa, su ne ke faɗin gaskiya.

Akwai abin da ya kamata a sani game da Legas wanda masu kwaɗaitar da dawowa ba sa faɗa. A Disamba da Janairu tana samun rana ninkin-ba-ninkin ta Landan, ko da hazo ya ɗan dusashe ta. Amma daga Yuni zuwa Agusta sama takan rufe kwana da kwanaki, har awannin ranar Yuli a Legas ba su kai na Landan a watan ba. Tsawon wuni bai ragu ba, kuma hasken waje yana nan da ƙarfinsa fiye da na ɗaki, sai dai ruwa yana kulle mutane a gida. Shi ya sa ga mutane da yawa tsarin da ya fi shi ne a yi Nuwamba zuwa Maris a nan, a koma can da bazara. Wanda kuma zai dawo gaba ɗaya, yana da dangi a Arewa, ya sa Kano ko Kaduna cikin lissafi, domin sun fi Legas samun rana a shekara nesa ba kusa ba.

Gidan da za a kama

Nan ne ɗan'uwan da ke Legas zai fi yin amfani, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Ejan zai kai ka da yamma ya nuna maka tayil da silin. Ka ce masa sai da safe, tsakanin ƙarfe 8 da 9. Ka kashe duk fitilu, ka buɗe labule, ka tsaya inda gado zai zauna ka gwada karanta rasit. Idan sai ka matsa bakin taga kafin ka ga rubutun, ka haƙura da gidan komai kyansa. Gidaje da yawa a Mushin, Agege da Surulere tagarsu na kallon bangon maƙwabci da tazarar da ba ta wuce taku biyu ba, ga ƙarfen ɓarayi, ga ragar sauro da ƙura ta toshe, wani lokacin ga gilashi mai duhu. Ɗakin ƙasa a irin wannan gida da rana tsaka ma duhu ne.

Abin nema shi ne hawa na biyu ko na uku, tagar ɗakin kwana tana kallon gabas, da baranda ko rufin bene da za a iya zama. Manhajar auna haske ta waya ba daidai take ɗari bisa ɗari ba, amma ta isa a kwatanta gida biyu da ita. A cire labule mai kauri a sa fari mara nauyi, a wanke ragar taga.

Barcin dare shi ne rabi na biyu na maganin. A tambayi maƙwabta, ba ejan ba, awa nawa ake samun wuta. Layin da kamfanin wuta ya sa a rukunin A an ce masa aƙalla awa 20 a rana, kuɗinsa kuma ya fi tsada. A duba inda janaretan maƙwabci yake, kada ya zama ƙarƙashin tagar ɗakin. A duba gindin katanga ko akwai shatin ambaliya. Kuɗin hayar shekara guda da na ejan da na lauya da na ajiya ba sa dawowa cikin sauƙi, don haka kada a biya su sai an gama gwaji.

Tsarin wuni

A watannin sanyi rana tana fitowa a Legas wajen ƙarfe 7. A fita tsakanin 7 da 9, a yi minti 30 zuwa awa ɗaya a waje, kullum, har ranar da ba a jin fita. Tafiya a ƙafa ta fi zama, ko da zuwa wurin mai shayi ne ko sayo ƙosai a layi na uku. Ba a sa baƙin tabarau a wannan lokacin, ba a kuma kallon ƙwayar rana. Zama a inuwar bishiya ana kallon fili ya wadatar.

Abu biyu ke ɓata tsarin. Na farko, komawa barci bayan sallar Asuba har ƙarfe 11, wanda shi ne abin da jikin mai ciwon yake so. A nan ake buƙatar yaya ko ƙanwa da za ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Taso mu je, hantsi ya yi." Na biyu, aikin da ke sa a bar gida ƙarfe 5 don gudun cunkoso, a wuni a ofis, a dawo bayan Isha. Wannan hunturun Landan ne aka sake ginawa a Legas. Mai yi wa kamfanin waje aiki ta intanet ya yi lissafin agogo: a lokacin sanyi Legas tana gaban Landan da awa 1, tana gaban Toronto da awa 6. Aikin 9 zuwa 5 na Toronto ya zama 3 na rana zuwa 11 na dare, wanda za a iya jurewa. Na Bankuba da ke yammacin Kanada kuwa, mai tazarar da ta fi haka, sai bayan tsakar dare ake tashi daga aiki, kuma safiyar ta tafi.

Magani, sauro da takardu

Wanda ke shan maganin damuwa irin sertraline, fluoxetine ko bupropion kada ya ajiye don ya ji sauƙi a mako na biyu. Yankewa farat ɗaya na iya kawo jiri, tashin zuciya, rashin barci da jin kamar lantarki na fizgar kai, sannan ciwon ya dawo. Ragewa aikin likita ne, a hankali, cikin makonni. A taho da wanda zai isa tafiyar har da ƙari, cikin kwalinsa na asali, tare da wasiƙar likita, a ajiye shi inda ba ya ɗaukar zafi. Mai niyyar daɗewa ya buɗe fayil tun makon farko a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, ko asibitocin koyarwa na jami'a, LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja.

Wanda ya yi shekaru a waje, garkuwar da jikinsa ya saba da ita ta zazzaɓin cizon sauro ta ragu, ko da a Agege aka haife shi. Zaɓen maganin rigakafi yana da muhimmanci ƙwarai a nan. Mefloquine bai dace da mai tarihin ciwon damuwa ba, domin yana iya tsananta shi. Doxycycline yana sa fata saurin ƙonewa a rana. Atovaquone-proguanil ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tasowa, a ci gaba har kwana 7 bayan barin ƙasar. Likita ne zai zaɓa, amma dole a gaya masa akwai ciwon damuwa. A kwana cikin gidan sauro, zazzaɓi kuma in ya zo a yi gwajin jini a ranar. A riƙe katin allurar shawara.

Takardar zama ma tana da iyaka. A Ingila, mai neman zaman dindindin a yawancin hanyoyi ba a so ya wuce kwana 180 a waje cikin wata 12, wanda ya riga ya samu kuma yana iya rasa shi idan ya yi fiye da shekara biyu bai koma ba. Kanada tana neman mai zaman dindindin ya yi kwana 730 a cikin ƙasar cikin shekara biyar. Dokokin suna canzawa, a tambayi lauyan shige da fice kafin a tsayar da ranar komawa.

'Yan gida su kiyaye harshe. Cewa "rashin tawakkali ne" yana sa mai ciwo ya ɓoye abin da ke ransa, addu'a da magani kuma ba sa karo. Idan ya fara maganar mutuwa, ko cewa gara babu shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar, ko a kira lambar gaggawa, 112 ko 767. Haka nan idan ya juye ɗaya gefen, yana barcin awa uku ba gajiya, magana ba tsayawa, yana rabon kuɗi ba lissafi, wannan ba warkewa ba ce, likita ya gan shi da gaggawa.

Ranar komawa, idan ta faɗo kafin ƙarshen Maris, a kunna fitilar tun washegarin sauka. Sai a kai wa likita takardun PHQ-9 na makonnin nan. In makin ya sauka da rabi ko fiye a Legas, ya zauna a haka har mako na huɗu, sannan ya sake hawa bayan an koma, a maimaita gwajin a hunturu mai zuwa, a ƙara da 'yan makonni a Yuni ko Yuli don a ga yadda damina za ta yi da shi. Bayan nan ne za a zauna maganar barin aiki da makarantar yara.