Yadda ake zaɓen ragon Uda na barbara don 'ya'yan su fito rabi baƙi rabi fari

Duk shekara sai na ga sabon mai kiwo ya shiga kara a Talata Mafara ko Shinkafi, ya hango ragon Uda mai gaba baƙi ƙirin da baya fari tas, ya biya ko tayawa bai yi da kyau ba. Bayan wata 5 tumakinsa su haihu, 'ya'yan su fito dabbare-dabbare, ya ce dillali ya cuce shi. Ni ma haka na yi a farkon kiwona, kuma laifin nawa ne.

Ka fara da tumakin da ke gidanka kafin ka je kasuwa. In 'Yankasa ne, masu farin jiki da baƙi a zagayen ido da baki, ko Balami farare sol, to rago ɗaya ba zai mayar maka da su Uda ba. Ɗa yana ɗaukar rabi wajen uwa, rabi wajen uba. In kuɗinka bai kai ba, gara ka sayi tunkiyar Uda biyu ka ari ragon maƙwabci, da ka zuba komai a kan rago ɗaya.

A kasuwa, je da hantsi, ka fito da ragon daga rumfa zuwa rana. Dubi inda baƙin ya tsaya. Ni ba na sayen wanda iyakar launinsa ba ta zagaye tsakiyar jiki ba, kamar an ɗaura masa ɗamara. Sa hannu ka buɗa gashin farin wajen cinya da gindin wutsiya, domin nan ɗigon baƙi ke ɓuya, musamman in an wanke shi da sabulu an taje. Sannan ka duba sauran alamomin Uda: dogayen ƙafafu, kunnuwa dogaye masu reto, hanci mai ɗan tudu, ƙaho mai murɗewa yana buɗewa gefe. Launi kaɗai ba ya mayar da rago Uda.

Ga inda na faɗi. Ban tambayi uwar ragon ba. Nawa ya fito da kyau, ashe uwarsa gauraye ce, kuma abin da ya ɓuya a jikinsa shi ya bayyana a 'ya'yansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ya sa yanzu nake bin dillali har wajen mai garken, in ce: “Baffa, nuna mini uwarsa, da ƙannensa in suna nan.” In ya taɓa barbara, ganin 'ya'yansa uku ya fi duk rantsuwar da za a yi maka. Kuɗin mashin zuwa ruga bai kai asarar shekara guda ba, sai dai a yanayin da ake ciki kada ka kama hanyar daji ba tare da wanda ya san wurin ba. Shi kuwa launi, tun a cikin uwa ake rabonsa: inda ƙwayoyin launi ba su kai ba a fatar ɗan tayi, nan ke fitowa fari.  Babu dusa ko harawar da za ta gyara shi bayan haihuwa.

In ka ga baƙin ya yi ja-ja, sau da yawa rana ce ta ci shi, wani lokaci kuma ƙarancin sinadarin jan ƙarfe (kofa) ne a jikinsa. Kada ka ba shi da ka, yawansa yana kashe tumaki, tambayi likitan dabbobi.

Kafin ka biya, buɗe bakin ragon ka ga ya sauya haƙora biyu na gaba, alamar ya girma, ka taɓa 'ya'yan marainansa ka ji girmansu ɗaya. In kun iso gida ka ware shi mako 2, a ba shi maganin tsutsa da allurar rigakafi, ka ɗaure sauran raguna nesa, sannan ka sake shi cikin tumaki.