Yadda mazaunin Legas zai zaɓi ɗan majalisar wakilai a unguwar da yake kwana

Akwai wani dattijo da muke sahu ɗaya da shi a masallaci a Agege. Ya haura shekara talatin a Ikko, a nan ya aurar da 'ya'yansa, amma katin zaɓensa har yau na ƙauyensu ne a Katsina. Duk zaɓe sai ya ce zai tafi gida, in lokaci ya yi kuɗin mota ya gagara, ya wuni a bakin shago yana sauraron sakamako a rediyo. Irinsa suna da yawa a Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago. A 2023 masu rajista a jihar nan sun haura miliyan 7, amma waɗanda suka fito ranar 25 ga Fabrairu ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Kujerar ɗan majalisar wakilai kuwa ba a gindaya mata sharaɗin kashi kaza a wuri kaza ba: wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓar shi ya ci, ko da ratar ɗaya ce.

Abu na farko, ka san mazaɓarka. Majalisar wakilai tana da kujeru 360, Legas na da 24 a ciki, daidai da Kano. Ƙananan hukumomin da tsarin mulki ya sani a Legas 20 ne, kowacce da kujera ɗaya, in ban da huɗu masu bibbiyu: Mushin, Surulere, Oshodi-Isolo da Lagos Island. Alimosho duk cikar da ta yi da jama'a kujerarta ɗaya tak, wannan kuma ƙorafi ne na wata rana.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne yankunan raya ƙasa 37 da gwamnatin jiha ta ƙirƙira. Suna da shugabanni da sakatariya, amma hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ba ta lissafi da su. In kana Mile 12 ko Ketu, ɗan majalisarka na Kosofe ne. Alaba Rago tana ƙarƙashin Ojo, Obalende tana Eti-Osa, Ijora Badiya tana Apapa, Ebute Metta kuma Lagos Mainland. Mutanen Idi-Araba sai sun ƙara bincike, domin Mushin biyu ce, kuma gundumar da ke rubuce a katinka ita ke nuna ko kana ta ɗaya ko ta biyu. Na ga wanda ya yi mako uku yana yi wa ɗan takara yawon kamfe, ashe ko sunan mutumin ba ya cikin mazaɓar da zai jefa ƙuri'a.

Sai batun kati, kuma nan ne aikin yake. In ka cika shekara 18 ba ka taɓa rajista ba, ka jira lokacin da INEC ta buɗe rajista ka je ofishinta na ƙaramar hukumarka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. In kuwa kana da kati daga Sakkwato ko Zariya ko Azare, kada ka kuskura ka sake sabuwar rajista. Laifi ne a doka, kuma kwamfutar hukumar tana gwada fuska da yatsu, ta soke ta biyun, ka tashi da wahalar layi kawai. Abin da za ka nema shi ne a dawo da rajistarka Legas. Ana fara wannan ta shafin cvr.inecnigeria.org, ko ka je ofis da katin a hannu ka cika takarda, ka faɗi adireshin da kake zaune, ka zaɓi rumfa. Ka riƙe wata shaidar zama, ko takardar kuɗin wuta ce, domin ana iya tambaya.

Wajen zaɓen rumfa ka yi tunani. Ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar ababen hawa, babu danfo babu keke. Wanda ke kasuwanci a Mile 12 amma yana kwana a Ikorodu, in ya zaɓi rumfar bakin kasuwa, ya ɗaura wa kansa tafiyar da ƙafa ba za ta kai shi ba, kuma ya fita daga mazaɓar Ikorodu ya koma ta Kosofe. Ka ɗauki wadda za ka taka daga ƙofar gidanka.

Kada kuma ka jira guguwar kamfe ta taso. Rajistar zaɓen 2023 an rufe ta tun 31 ga Yulin 2022, kusan wata bakwai kafin a jefa ƙuri'a, mutane suka yi ta cincirindo a makon ƙarshe. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Bayan an amince da sauyin za a buga maka sabon kati, ka karɓa da kanka a ofishin ƙaramar hukumar da ka koma. Ba a aike, ba a karɓar wa mata ko ƙane. Matan gida ma haka, kowacce sai ta je da ƙafarta, don haka maigida ya ware musu rana. In abu ya cije a ƙaramar hukuma, babban ofishin INEC na jiha yana Sabo, Yaba.

Kafin ranar, ka san wanda za ka zaɓa da alamar jam'iyyarsa. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da suna ko hoton ɗan takara, tambarin jam'iyyu ne kawai, tsintsiya ko lema ko wani. Ba dole ba ne ka yi sak. A 2023 Peter Obi na jam'iyyar Leba ne ya fi ƙuri'a a Legas a zaɓen shugaban ƙasa, amma APC ta kwashe mafi yawan kujerun wakilai, ko da yake Eti-Osa ta faɗa hannun Thaddeus Attah na jam'iyyar Leba. Mutane sun raba ƙuri'unsu ke nan.

Wani abin da nake gani ana cakuɗawa: in ɗan takarar majalisar tarayya ya zo fadar Sarkin Hausawa neman goyon baya, sai a dame shi da maganar hana acaɓa ko rusau a kasuwa. Waɗannan na gwamna ne da majalisar jiha da ke Alausa. Shi aikinsa a Abuja yake: dokokin ƙasa, kasafin kuɗin tarayya, sa ido kan hukumomi, da ayyukan mazaɓa. Ku tambaye shi shingayen da ake tatsar direbobin shanu da tumatir a hanyar Arewa, da halin da titunan tarayya ke ciki, da ina ofishinsa na mazaɓa yake. Kujerar ba ƙarama ba ce: Femi Gbajabiamila daga Surulere ta ɗaya ya fito, ya riƙe ta daga 2003 zuwa 2023, har ya zama kakakin majalisa daga 2019 zuwa 2023.

Ranar zaɓe ka karya kumallo ka fita da wuri. A tsarin da aka bi a 2023, ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi kafin lokacin sai ya jefa ƙuri'arsa ko da dare ya yi. Ka duba sunanka a jerin da aka manna a bango. Ma'aikaci zai karɓi katinka ya tantance ka da na'urar BVAS, ta yatsa ko ta fuska. Mahauta da masu dako da yatsunsu suka goge kada su damu, fuskar ta wadatar. Ba kati, ba zaɓe. Takardar wucin gadi ba ta aiki.

Za a ba ka takardu uku, na shugaban ƙasa da na sanata da na wakilai. Ka juya bayan kowacce ka ga hatimi da sa hannu. Ka shiga keɓaɓɓen wurin ba tare da waya ba, ka dangwala cikin gidan jam'iyya ɗaya, kada tawadar ta haura layi. Ka ɗan bari ta sha iska kafin ka naɗe, domin in ta manne a gidan wata jam'iyyar ƙuri'ar na iya lalacewa. Akwatunan ma uku ne, kowanne da rubutunsa. A zaɓen 2023 mai koren murfi shi ne na wakilai. In ka rikice ka tambayi ma'aikacin hukuma, ba ejan ɗin jam'iyya ba.

In wani ya tsaya yana tambayar daga ina ka zo, ko yana cewa baƙo ba ya zaɓe a nan, kada ka biye masa. Sunanka na cikin rajista, shi ke nan. Ku riƙa fita rukuni-rukuni da maƙwabta, kuma ku kai ƙara wurin jami'an tsaron da ke rumfar.

Bayan ka jefa, kana da damar tsayawa nesa kaɗan ka ga ƙirge. A bainar jama'a ake ware ƙuri'u a ƙidaya da ƙarfi, a rubuta sakamakon wakilai a takardar EC8A(II), ejan-ejan su sa hannu, a manna kwafi a bango, a ɗauki hotonta da BVAS a tura IReV, shafin intanet na INEC da ake duba sakamakon rumfuna. Kai ma ka ɗauki hoton wadda aka manna, lambar rumfar ta fito sosai. Da daddare ka buɗe IReV, ka zaɓi zaɓen majalisar wakilai, ka nemo gundumarka da rumfarka, ka gwada alƙaluman da ke can da na cikin wayarka.