Darasi na Bakwai: Ƙarfen da Ke Tsagewa Bayan An Gama Aiki

Mai walda yakan gama haɗa ƙarfe da yamma, ya duba ya ga aiki ya yi kyau, amma washegari ya tarar da wata siririyar tsaga kamar silin gashi tana bin gefen waldar, alhali babu wanda ya taɓa wurin. Sau da yawa abin da ke haddasa wannan shi ne haidurojin, sinadarin da ƙwayarsa take da matuƙar ƙanƙanta, har tana iya kutsawa cikin jikin ƙarfe. Tun a shekarar 1875 wani masani a Ingila, W. H. Johnson, ya lura cewa ƙarfen da aka jiƙa cikin asid yakan yi gautsi, ya karye maimakon ya lanƙwashe.

Haidurojin yana cikin ruwa, yana cikin mai da giris da fenti, haka kuma tsatsa tana riƙe danshi. Idan zafin walda ya faɗa kan waɗannan abubuwa, sai haidurojin ya rabu ya narke cikin ƙarfen. Bayan ƙarfen ya huce, sai ya riƙa tafiya a hankali yana taruwa a inda ƙarfen ya fi matsuwa, har wurin ya tsage. Shi ya sa tsagar ba ta fitowa nan take, kuma shi ya sa a manyan ayyuka ake jira awa 48 kafin a yi binciken ƙarshe.

Abin da ya fi ba sabon ɗalibi mamaki shi ne, ƙarfe mai tauri ya fi mai laushi shiga wannan haɗari. Noti mai lamba 12.9 a kansa, wato alamar ƙarfe mai tauri sosai, wanda aka wanke da asid aka yi masa rufin tutiya da lantarki, yana iya tsinkewa kwanaki bayan an ɗaure shi. A watan Maris na 2013, a sabuwar gadar da ke tsakanin San Faransisko da Oklan a Amurka, manyan sandunan ƙarfe 32 daga cikin 96 sun karye cikin kwanaki da ɗaure su, kuma bincike ya nuna aikin haidurojin ne. Masana'antu kan gasa irin waɗannan kaya a tanda, a zafin digiri 200 ko kusa da haka na tsawon awanni, jim kaɗan bayan rufin, domin haidurojin ya fita.

Ga mai walda, maganin yana hannunsa. Ya kankare tsatsa da fenti har sai ƙarfe ya yi ƙyalli, ya goge mai. Ya yi amfani da sandar walda mai ƙarancin haidurojin, kamar E7018, ya kuma adana ta a tanda mai zafin digiri 120 zuwa 150, domin rufinta yana shan laimar iska. A ganina nan ne aka fi yin sakaci, domin sandar da ta kwana a buɗe ba ta sauya kama, ido ba ya gane ta lalace. Idan ƙarfen mai kauri ne, a ɗumama shi kafin a fara, bayan an gama kuma kada a kwara masa ruwa, a lulluɓe shi ya huce sannu a hankali, a dawo jibi a bi gefen waldar da fitila.